Ranar da Na Sauko Bene da Injin Yankan Itace a Kunne

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta Hausawan Doha ba za su bar ni ba. Har yau idan na shiga taron suna ko walima sai wani ya kwaikwayi ƙarar inji da bakinsa a bayana, a kwashe da dariya, ni ma in yi yaƙe kamar abin bai dame ni ba. Ya dame ni.

Ni injiniya ne a wani kamfanin iskar gas. Na zo ƙasar nan ni kaɗai, na bar matata Rahama da yaranmu a Jalingo, na kama ɗakin haɗaka a unguwar Mesaimeer. Wanda bai taɓa zaman kaɗaici a ƙasar mutane ba ba zai gane yadda yammacin ranar hutu yake da tsawo ba. Wasu kan kama kallon ƙwallo, wasu yawon kantuna. Ni kuwa sai na kama tara tsofaffin injinan yankan itace. (Na sani. A ƙasar da duk bishiyar da ka gani da bututu ake shayar da ita, kuma ba ka isa ka karya mata reshe ba.)

Abin yana da asali. A hannun kawuna na tashi, mai yankan katako ne a dazukan Bali, don haka warin fetur da garin katako shi ne ƙamshin gida a wajena. Wata rana na ga wani mataccen inji a cikin tarkacen gwanjo, duk tsatsa ta cinye shi, na saya. Daga nan ƙofa ta buɗe. Na riƙa yin odarsu daga ƙasashen Turai, in kwance su ɗaya bayan ɗaya, in wanke kafireta, in sauya fulogi, in wasa sarƙa, in yi fenti, in jera. Sai dai ban taɓa tayar da ko ɗaya ba. A ina zan tayar? Abokan ɗakina ko tari ka cika yi sai sun yi tsaki.

Babban burina a lokacin shi ne in kawo iyalina. Hakan kuwa ba ya yiwuwa sai kana da takardar hayar gida da sunanka, ni kuma na sha yawo ban samu wanda ya dace ba. Dakta Nasiru ne ya cece ni, wani dattijon likita ɗan Kano da ya daɗe a Doha, wanda kusan kowane Bahaushe a nan ya ci tuwon gidansa. Ya kai ni wajen mai benen da yake zaune a Al Mirqab, ya dafa kafaɗata ya ce wa Balaraben, “Ɗana ne. Ba shi da hayaniya ko kaɗan.” Aka ba ni gida a hawa na takwas.

Takardun kawo iyali suka kama hanya. Rahama ta sayar da kekunan ɗinkinta, ta cire yara daga makaranta, ta bi dangi gida-gida tana sallama. Sharaɗi ɗaya ta kafa mini a waya.

“Abban Safiyya, ni fa ba zan zauna da ƙarafan nan a falo ba. Yara ne da mu. Kafin in zo ka san inda za ka kai su.”

Na ce an gama. Amma zuciyata ta riƙa raya mini cewa bai kamata in rufe su a kwali ban taɓa jin muryar ko guda ba.

Ranar Juma'ar da abin ya faru, ranar walimar auren 'yar Dakta ce. An ɗaura aure a Kano, aka zo nan don a ci abinci da mutanen Doha, maza a gidan Dakta a hawa na huɗu, mata a gidan maƙwabcinsa. Na goge shaddata tun safe. Da na dawo daga masallaci sai na ga da sauran lokaci kafin a zuba abinci. Idona ya faɗa kan babban cikin injinan, wani ƙirar Jamus da ya girme ni, mai nauyi kamar ɗan rago. Na ce bari in ja igiyar sau ɗaya kawai. Ai ba ma zai tashi ba.

Na tuɓe, daga ni sai singileti da gajeren wando. Na haɗa fetur da baƙin mai, na ƙara man da yawa wai don tsohon inji yana son gata. Na shiga banɗaki, na kunna fankar fitar da iska, na toshe ƙasan ƙofa da tawul. (Ka ga ai na yi tsari. Mai ilimi ne ni.)

Na ja, shiru. Na sake ja, shiru. Na ja da ƙarfi, ya yi tari. Na yi bisimilla na fizga, sai ya tashi.

Ba zan ɓoye ba, sai da ƙwalla ta zo mini. Ƙarar nan ta cika banɗakin, na ji kamar ina tsaye a bayan kawu a daji. Abin da ya mutu tun kafin a haife ni, ni na dawo da shi. Na tsaya ina murmushi har sai da na daina ganin madubi saboda hayaƙi.

Na danna makashi. Bai mutu ba. Na sake dannawa. A nan na tuna cewa ranar da na yi fenti na cire wayar makashin, na ce zan mayar daga baya. Ga totur ya maƙale, sarƙa sai gudu take, irin waɗannan tsofaffin kuma ba su da birki. Yanzu da nake zaune lafiya zan iya lissafa maka hanyoyin kashe inji iri-iri: ka ja cok, ka toshe masa iska, ka fizge hular fulogi. A ranar ko ɗaya ba ta zo mini ba. Na gwada ajiye shi a ƙasa, ya fasa tayil ya yi tsalle ya nufo ƙafata, na sake cafke shi.

Numfashina ya fara ɗaukewa, na buɗe ƙofar banɗaki da gwiwar hannu. Hayaƙin ya bi ni falo. Sai ƙararrawar gobara ta ɗauka, ba ta gidana kaɗai ba, ta benen gaba ɗaya, wata murya tana ta sanarwa da Larabci da Turanci cewa kowa ya fita.

A nan na yanke shawarar da ta fi kowace muni a rayuwata. Na ce bari in kai shi waje.

Lif ya tsaya, don haka na bi matattakala, inda duk mutanen benen suke sauka. Ka sa kanka a matsayinsu. Kana gudun gobara da 'ya'yanka, ka waiwaya, sai ga wani ƙato da singileti, fuska baƙi ƙirin da hayaƙi, ido jajir, yana biyo ka da injin yankan itace yana ruri. Ina ta ihu da Hausa da Larabci, “Ba komai! Mafi mushkila!” amma ba mai jin komai sai ganin haƙorana. Na ƙasa suka ruga ƙasa, na sama suka koma sama. Wani Ba'indiye ya jefe ni da takalminsa. Wata mata ta rungume jaririnta ta manne da bango ta rufe ido.

Ina isowa hawa na huɗu ƙofa ta buɗe, 'yan biki suka ɓarko. Manyan riguna, leshi, turare, duk mutanen da nake gaisarwa da rusunawa. Wani ya saki tiren waina. Ango, da ya hango ni, ya tsallake matakala uku a tashi ɗaya ya bar amarya a tsaye da mayafinta. (An ce har yau tana yi masa gori. Wannan ma a wuyana yake.) Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kakar amarya, Hajiya, tsohuwar da aka ɗauko daga Kano don bikin. Ba ta iya gudu ba. Sai ta zauna a kan matakala, ta ɗaga yatsa, ta fara kalmar shahada. Na raɓa ta gefenta ina ɗaga injin sama, ina cewa, “Sannu Hajiya, sannu Hajiya.”

A waje rana kamar za ta narka kwalta. 'Yan kwana-kwana sun iso, 'yan sanda sun iso. Jama'a suka dare suka bar ni a tsakiya. Wani ɗan sanda, hannunsa a ƙugu, yana daka mini tsawa in ajiye, ni kuma ina ƙoƙarin yi masa bayani da ka cewa in na ajiye zai yi tsalle. Ban san yadda za mu ƙare da shi ba, sai fetur ya ƙare. Injin ya yi tari sau biyu ya mutu da kansa.

Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba. Duk inda na duba waya ce a ɗage tana ɗaukata.

Dakta Nasiru ya ratso jama'a. Ba takalmi a ƙafarsa, ya baro su a ƙofa, yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya saboda zafin ƙasa, babbar rigarsa ta sha miya. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

“Injiniya, kai ne?”

“Ni ne, ranka ya daɗe.”

“Ina gobarar?”

“Babu gobara, ranka ya daɗe. Gwaji nake yi.”

“Gwaji.” Ya ɗaga kai ya dubi benen. “Wane itacen ka gani a hawa na takwas?”



Aka tafi da ni ofishin 'yan sanda a yadda nake. Da suka duba gidana suka tarar da sauran injinan a jere a falo suna ƙyalli, abin ya ƙara ɗaure musu kai. Jami'in ya tambaye ni ko sana'ata yankan itace ce, na ce a'a. Ko sayarwa nake yi, na ce a'a. To me nake yi da su? Na ce, “Kallonsu nake yi.” Ya daɗe yana dubana kafin ya rubuta. Dakta ne ya baro baƙinsa, ya zo ya tsaya mini aka sake ni. A mota bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Sai da muka kusa gida ya ce, a hankali, kamar da kansa yake magana, “Ni na ce wa mutumin nan ba ka da hayaniya.”

Washegari wakilin mai gida ya buga mini ƙofa. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya ce, “Khalas,” wato magana ta ƙare. Aka soke hayar. A wajen aiki aka kira ni aka ja mini kunne, tunda kamfanin ne kafil ɗina, wato shi ya tsaya mini a ƙasar, kuma labari ya kai musu. Ba su kore ni ba, amma ba gida, ba takardar haya, maganar zuwan iyali ta tsaya cak.

Na kwana biyu ina juya yadda zan gaya wa Rahama. Ashe wahalar banza nake yi, bidiyon ya riga ni isa Jalingo. Ita ta kira.

“Abban Safiyya, kai ne a cikin abin nan da ake turawa?”

“Ni ne.”

“Na ce wa Yaya ba kai ba ne. Na rantse mata. Na sayar da kekunana. Na yi sallama da kowa, har da kuka. Yanzu me zan ce musu? Safiyya ta daina fita ƙofar gida, yara suna yi mata ƙarar inji.”

Sai ta kashe wayar.

Na je ba wa Hajiya haƙuri kafin ta koma Kano. Ta ce ta yafe duniya da lahira, amma ta roƙi in tsaya daga bakin ƙofa. Da zan tafi ta bi ni da addu'a: “Allah ya ba ka lafiya, ɗan nan. A dage da magani.” Ban gyara mata ba. Gara a ce ciwo ne.

Injinan duk na kai su wajen masu tarkacen ƙarfe, na juya baya kafin a jefa su cikin tulin. Na koma Mesaimeer, ɗakin haɗaka, gadon da na bari ma wani ya kama, na karɓi na kusa da ƙofa. Shekara ta zagayo, yara sun koma makarantarsu ta da, Rahama tana ɗinki da keken aro. Ina ta neman wani gidan, sai dai duk dattijon da na roƙa ya tsaya mini sai ya ce zai duba, ya kuma kawar da kai yana danne dariya.

Abin da na koya ba shi da yawa, kuma na saye shi da tsada. Duk abin da za ka tayar, fara sanin ta inda ake kashe shi. Sannan idan aka gayyace ka walima, ka goge rigarka, to ka sa ta ka tafi walimar.