Rasuwar Kwamfutar da Ke Magana ta Hagu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fargabar abin da ka iya biyo baya, Malamin Lissafi da iyalansa na sanar da ƴan uwa, maƙwabta da abokan aiki rasuwar tsohuwar kwamfutar falonsu, wadda aka fi sani da Hajiyar Falo. Ta cika ranar Asabar da ta wuce, tsakanin azahar da la'asar, a kan kantar da take zaune tun zuwanta gidan, bayan gajeriyar jinya da ta samo asali daga gyaran sauti da hoto.

Ga waɗanda ba su san gidan ba, mutum uku ne a cikinsa. Akwai Malam, wanda ba ya iya wuce hoton bango a karkace bai tsaya ya daidaita shi ba, ko da a gidan mutane ne. Akwai ƴarsa, wadda kakanta ya laƙaba wa Aku saboda duk abin da ya shiga kunnenta sai ya fito ta bakinta. Sai Baba, surukin Malam, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bakin injin niƙa har injin ya cinye masa kunnen dama, ya bar masa na hagu yana ɗan tsintar abin da ya samu. Ta huɗunsu, Maman Aku, ita ta ɗauko mahaifinta ta kawo shi gidan lokacin da hawan jini ya fara kayar da shi, ita kuma Allah ya fara ɗauka. Da aka share makoki Baba ya ɗaure kayansa zai koma inda ya fito. Malam ya kwance ƙunshin, ya jera kayan a durowa yadda suke.

Abin da gidan ya rasa tun daga ranar shi ne mai yi wa Baba magana ya ji. Malam bai taɓa ɗaga murya a gaban surukinsa ba, kuma ba da furfura zai fara ba. In ya durƙusa ya gaishe shi, motsin leɓe kawai Baba yake gani, sai ya amsa da ka. Ita kuwa Aku a guje take magana, rabin zancen a falo, rabin a tsakar gida. Wannan gurbin ne marigayiya Hajiyar Falo ta cike.

Maman Aku ce ta sayo ta, ta hannu, ta haɗa ta da talabijin da lasifika biyu da kanta, a ranakun da Malam yake makaranta. Ta zuba mata finafinai, da wasannin yara, da hotunan gida masu motsi. Duk wanda ya zauna da marigayiya zai shaide ta da haƙuri. In aka kunna ta sai ta yi gyaran murya, "ƙir, ƙir, ƙir," kamar dattijuwa za ta tashi daga tabarma, fankarta ta ja dogon numfashi, sannan ta yi sallamarta da kowa ya sani, "tirin-rin." Ba ta taɓa gaggawa ba, ba ta kuma taɓa ƙin tashi ba. An ɗauke wuta tana tsakiyar aiki ba adadi, ba ta riƙe kowa a zuciya ba.

Gaskiya ba ta hana a faɗi aibun mamaci in aibun na jiki ne. Muryarta ta lasifikar hagu kaɗai take fita, siririya, kamar mai magana ta hanci, ta dama kuwa sai dai kwalliya. Fuskokin da take nunawa sun cika haske, rubutunta manya ne kamar na allon ƴan aji ɗaya. Kawun Aku, direban babbar mota, yakan ce, "Malam, wannan Hajiyar taku shanyewar ɓarin jiki gare ta, ku kai ta asibiti mana." Malam yakan yi murmushi, amma abin na ci masa rai, irin yadda lissafin da bai daidaita ba yake hana shi sukuni.

Babban aikinta a duniya bayan la'asar take yin sa. Baba zai fito da kofin ruwa a hannu ɗaya, ƙwayar magani a tafin ɗayan, ya zauna a kujerarsa, lasifikar hagu na kan ɗan benci daf da kafaɗarsa. Aku ta kunna masa wani ɗan gajeren hoto da aka ɗauka ba da shiri ba. A ciki Maman Aku tana shanya a igiya, tana yi wa mai ɗaukar hoton faɗa ya daina, sai ta waiwayo ta ɗaga murya ta ce, "Baba, ka sha maganinka?" Shi kuma daga kujerarsa ya ce, "Yanzu zan sha, uwar faɗa," ya jefa ƙwayar a baki. Baba bai ruɗe ba, ya san inda ƴarsa take kwance. Amma maganin nan ba ya wuce masa maƙogwaro sai ita ta tambaya.

Ciwon ajali ya shigo gidan ne a cikin kwali. Kawu ya dawo daga doguwar tafiya da sabuwar talabijin, faffaɗa kamar ƙofa, kyauta ga gidan ƴar uwarsa. Aka sauke tsohuwar, aka rataye sabuwar, aka jona ta da marigayiya. Da hoton ya fito sai aka ga ya fi ƙarfin allon, gefe da gefe sun yanke, sama ma ya yanke. Ga igiya, ga zane, ga hannuwa suna shanya, amma daga wuya zuwa sama babu. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ina kanta?" Ranar dai ya sha magani, don muryar tana nan.

Washegari Asabar, ba makaranta. Malam ya sa tabarau, ya jawo kujera, ya buɗe wurin saiti, Kawu na tsaye a kansa yana ba da umarni. Niyyarsa hoto kawai zai daidaita. Amma da idonsa ya faɗa kan ma'aunin sauti sai ya ga an ja shi can ƙarshen hagu, an kashe kaurin murya gaba ɗaya, an ɗaga siririn sauti har sama. Ya ga abin kamar takardar ɗalibin da ya jera amsoshinsa duka a gefe guda. Hannunsa ya kai kan linzamin kwamfutar.

"Abba, Umma ta ce kar a taɓa nan," in ji Aku daga bakin ƙofa.

"Saboda tsohuwar talabijin ta faɗi haka, ƴata. Yanzu an samu sabuwa."

"Ke Aku, je ki yi wasa," in ji Kawu. "Manya na aiki, tsuntsu na kuka."

Malam ya dawo da ma'aunin tsakiya. Lasifikar dama, wadda ba a taɓa jin bakinta ba, ta yi wani gurnani mai kauri har gilashin taga ya amsa. Kawu ya tafa. Aka kunna hoton shanya don gwaji, sai aka ga wani sabon ciwo: Maman Aku ta waiwayo, bakinta ya motsa ya rufe, ta juya baya, sannan muryar ta biyo, a makare, mai kauri, kamar daga cikin rijiya. Malam ya gyara nan, can ya lalace. Ya gyara can, fuskarta ta koma kore. Da abin ya cakuɗe, ya yi abin da yake koya wa ɗalibansa su yi in lissafi ya rikice, wato a goge allo a faro daga farko. Ya nemo wurin da ke mayar da komai yadda ya fito daga kamfani.

A nan marigayiya ta yi maganarta ta ƙarshe, a rubuce, da manyan haruffan nan nata. Ta ce, "Ka tabbata?" Malam ya danna. Ta sake tambaya. Ya sake dannawa.

Haruffan suka ƙanƙance. Lasifikun biyu suka yi tsit. Kawu ya ce tunda allon babba ne a zaɓa masa hoto mafi kaifi da ke cikin jerin, aka zaɓa. Allon ya yi ƙifta ɗaya ya yi baƙi. A cikin duhun nan fankarta ta fara haki, tana hawa tana hawa, irin kukan motar da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinta a kan tudu. Kawu ya zare waya daga soket ya mayar. Ta yi "ƙir, ƙir," ba ta kai ga sallama ba. Ya sake zarewa ya mayar, ya sake. Sai wani wari ya tashi kamar na ƙonannen gashi, ta yi ƙara guda ɗaya doguwa, "tiiiii," fankar ta yi juyi biyu a hankali ta tsaya.

Bayan la'asar Baba ya fito da kofinsa. Ya zauna, ya fuskanci baƙin allon. Babu abin da ke ciki sai inuwar wani tsoho riƙe da kofi. Ya jira iya jiransa, sannan ya zura ƙwayar a aljihu ya koma ɗaki.

Mai gyara ya zo, ya kwance murfi, ya sansana, ya ce, "Malam, sai haƙuri." Ya ciro faifan ajiyarta, aka yi sa'a hotunan duk suna nan lafiya. An kunna wa Baba hoton shanya a sabuwar talabijin, kai da ƙafa cikakku, sautin har maƙwabta suna ji. Ya karkato kunnensa, ya ce shi guguwa kawai yake ji. An kara masa waya a kunne, ya ture ta. "Wannan mai motsa bakin ba da ni take ba," in ji shi. Mai gyara ya ce hoto a faifai yake zama, amma saitin an share shi tun kafin ta cika, kuma wanda ya san yadda yake shi kaɗai zai iya mayar da shi. Wadda ta sani ɗin kuwa ba ta inda za a tambaye ta.

Sai a lokacin aka saurari Aku. Ta ce tana nan ranar da aka yi saitin. Umma ta zaunar da Kaka a kujerarsa, tana ja kaɗan tana cewa, "Yanzu fa, Baba?" shi yana cewa a'a, tana ƙara ja tana cewa, "Yanzu fa?" har rana ta yi sanyi, sannan ya ce, "Yawwa, ga ki nan." Aku ta faɗi wannan da muryar uwarta sak, har da yadda take jan ƙarshen kalma. Malam ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Kawu ya ce bari ya je ya duba tayar mota.

Marigayiya ta rasu ta bar lasifika biyu, ɗaya ta yi mata hidima har ƙarshe, ɗayar ta buɗe baki sau ɗaya a rayuwarta, kowa kuma ya ga abin da ya biyo baya. Ta bar rimot mai ɗaure da roba, da linzami, da tarin wayoyi a bayan kanta waɗanda babu mai sanin dangantakarsu. Ta bar sabuwar talabijin, wadda ba a zarginta da komai, amma an rufe ta da zane. Ta kuma bar Baba.

Iyalan ba za su ɓoye wa masu ta'aziyya halin da ake ciki ba. Tun ranar da mai gyara ya zo Baba bai sake fitowa falo ba. Malam yana ajiye masa magani a faranti, ana tsintar ƙwayoyin a aljihun riga wajen wanki. Ƙafafunsa sun fara kumbura, yana yawan dafe ƙeya. Malam ya shiga ɗakin da niyyar ɗaga murya, ya durƙusa, ya buɗe baki, abin da ya fito bai wuce gaisuwar da ya saba ba. A bayan ƙofa kuma ya ga an sake ɗaure kayan nan. Wannan karon hannunsa bai iya kaiwa kan ƙullin ba. Malam ya rubuta sanarwar rasuwa sau ɗaya a gidan nan da gaske, yana rubuta wannan rabi da wasa, yana roƙon Allah kada alƙalaminsa ya rubuta ta uku nan kusa.

Za a fitar da marigayiya ranar Alhamis bayan la'asar, daga falon zuwa shagon mai gyara, inda za a raba abin da ya yi saura na jikinta ga masu buƙata. Ba za a yi mata salla ba, tunda ba rai gare ta ba, amma za a goge mata ƙura a naɗe ta a tsohon zanen tebur. Kawu ne zai ɗauke ta, shi ya nemi hakan. Ana roƙon masu zuwa kada su taho da shawarar abin da ya kamata a ce an danna, an riga an ji. Wanda zai gaida Baba ya zaga ta hagunsa, ya matso kusa, ya rage kaurin murya.

Lasifikar dama za ta bi uwargijiyarta. Ta hagu ma za ta bi, domin an riga an sauke ta daga kan benci. Jiya bayan la'asar Aku ta ɗauke ta ta ajiye a ƙasa, ta ja ɗan bencin har ɗakin kakanta, ta zauna a hagunsa da kofi a hannu. Ba ta yi gudu ba, ba ta yi magana daga ƙofa ba. Ta kai bakinta kusa da kunnensa ta ce, "Kaka, ka sha maganinka?" Bai motsa ba. Ta ƙara matsowa, ta siranta murya. "Yanzu fa?"

Baba ya juyo ya dube ta tsawon lokaci. "Ke Aku, muryarki kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba," in ji shi. Sannan ya laluba aljihu.

Ƙwaya ɗaya ce ya sha, ƙunshin kayansa kuma har yanzu yana ɗaure a bayan ƙofa. Amma da Malam ya tambayi ƴarsa wa ya aike ta, ta ce babu kowa. Ta ce ita dai ta gane Hajiyar Falo ba ta taɓa karkacewa ba, Umma ce ta juya ta wajen kunnen da ke ji, kuma yanzu da Hajiyar ta mutu dole wani ya zauna a wurin.