Injiniya Ɗanasabe da Lamba Sifili

Allah ya yi wa Funtua baiwa biyu: auduga da Injiniya Ɗanasabe Mati. Audugar ma wata shekarar takan yi tsutsa. Injiniya kuwa bai taɓa kuskure ba, shi ya faɗa mana da bakinsa.

A 1988 kamfanin sayen audugar da yake wa aiki ya sayo kwamfuta, wata ƙatuwa kamar rumbu, aka gina mata ɗaki mai iyakwandishan. Aka ja wayoyi zuwa ofisoshi, kowane tebur da akwatinsa mai fuskar talabijin da lambarsa, don akawu ya tambaye ta lissafi daga inda yake zaune. Aka tura Ɗanasabe kwas Legas. Ya tafi yana akawun sito, ya dawo Injiniya, da suwaita da ƙaton gilas. Tsakiyar bazara, mutane na fifita da fayil, shi yana ciki yana kurɓar shayi yana ƙorafin mura. Ma'aikata suka naɗa shi Sarkin Sanyi. Ya ji, ya kuma karɓa, a zatonsa girmamawa ce.

Kwamfutar nan tana da rajista. Duk wanda ya shiga, sai ta rubuta lambar teburinsa da lokaci da abin da ya nema, firinta ta amayo shi a doguwar takarda. Injiniya ya saita ta yadda ko tari aka yi kusa da ita sai ta rubuta.

“Wannan ita ce idon kamfani,” ya ce wa akawuna. “A ƙasashen da suka ci gaba, mutum bai isa ya taɓa na'ura ba a sani ba. Ni kaɗai ne a jihar nan zan iya karanta ta.”

Gaskiyarsa, don bai taɓa barin wani ya gwada ba.

A cikin wannan nazari mai zurfi ya gano bala'i. Akwai wata lamba, Sifili, wadda ba ta kan teburin kowa, amma ta cika takarda fal. Sifili ba ya neman farashin auduga, ba ya neman lissafin taki. Rajistar kawai yake buɗewa, ya rufe, ya sake buɗewa. Injiniya ya ƙara sa ido. Duk leƙawar da zai yi, sai ya tarar Sifili ya shigo yanzun nan.

Ya zana jadawali da jan biro da shuɗi, ya kai wa Manaja, Alhaji Jibo.

“Ranka ya daɗe, ɗan leƙen asiri ne. Yana shigowa da isowata ofis. Da na fita cin tuwo sai ya ɓace. Ranar da na je biki Bakori ko sau ɗaya bai shigo ba, ka ga ƙwaƙwalwata yake bi. Sannan ga babbar hujja: ba ya shigowa ran Lahadi. Yana coci ke nan.”

Cewa ofis ɗin gaba ɗaya a kulle yake ran Lahadi, wannan ƙaramar magana ce, ba ta kai Injiniya ya tsaya kanta ba.

Da haka ilimi ya nuna Salome, mai buga tafireta. Tana zuwa coci, kuma yayanta Bitrus yana wa wani ɗan kasuwar auduga aiki a Malumfashi. Me ya rage? Injiniya ya nemi a kore ta kafin ƙarshen wata. Abin ya ba ni haushi, wallahi. Yarinyar nan ita ke riƙe da tsohuwarta da ƙannenta a Gozaki, kuma akwatin da ke teburinta ta lulluɓe shi da zane tun ranar da aka kawo shi, don tsoronsa take. Ta yi kuka har idanunta suka kumbura.

Alhaji Jibo ya ce zai sa hannu, amma sai ya gani da idonsa. Injiniya ya yi murna, dama ya daɗe yana neman 'yan kallo. Ya tara kowa a ɗakin sanyi, ya zaunar da Salome a gaba, hannuwanta bisa cinya.

“Yanzu da take nan, za ku ga Sifili ya mutu.”

Ya zauna gaban babban allo, ya miƙe yatsu, ya buɗe rajista. Firinta ta yi ƙara. Sifili.

“Tana da mataimaki,” ya ce, ya sake latsawa. Sifili. Aka dubi juna. Kowa na cikin ɗakin, har mai gadi.

“Injiniya,” in ji Alhaji Jibo, “ɗan ɗaga hannunka.”

Ya ɗaga. Firinta ta yi tsit.

“Mayar.”

Ya mayar. Sifili.

Sai da Manaja ya sa shi ya yi ta ɗagawa yana mayarwa, kamar mai koyon kiɗan kalangu, har wani akawu ya fita waje da gudu riƙe da cikinsa. Ashe Sifili lambar babban allon ce, wanda ba mai taɓa shi sai Injiniya. Bai taɓa kawowa a ransa na'ura za ta yi rashin kunyar rubuta maigidanta ba.

“Salome, koma kan tafiretarki,” Manaja ya ce.

Injiniya ya gyara gilas. “Kun dai ga ingancin tsarina. Ni kaina bai ƙyale ni ba.”

A ranar ya saita rajistar ta daina rubuta Sifili. Washegari takarda ta fito fara fat, haka jibi, haka gata. Ashe akawunan dukkansu da biro da kalkuleta suke aikinsu tun da can, ba wanda ya taɓa son lambarsa ta faɗa hannun Sarkin Sanyi.

Kullum da safe yana naɗo farar takardar ya kai wa Manaja, yana cewa ba a taɓa samun tsaro irin wannan ba a Arewa. Manaja kuma sai ya aika wa Marka mai ƙosai a bakin ƙofa da ita, ta riƙa naɗe ƙosai. Ta ce a gaishe da Injiniya, aikinsa na yanzu ya fi kyau, don takardar da can tawadarta takan kama ƙosai.