Yadda Za Ka Ƙirƙiro wa Kanka Rayuwa a Jarrabawar Turanci ta Baka

Kai da ke shirin zama gaban mai jarrabawa a auna Turancin bakinka kafin a ba ka damar fita aiki waje, kwantar da hankalinka, ka faɗo hannun masani. Sau uku ina shiga ɗakin nan, har kujerar da ke ƙara na sani. Tambayar farko ba ta canzawa: a ce ka faɗi yadda kake tafiyar da yininka daga safe zuwa dare. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin sakamako. Wane iri ne, wannan sai takarda ta fito.

1. Binne gaskiya tun daga gida

Kada ka kuskura ka faɗi abin da kake yi. Me za ka ce? Kana tashi ƙarfe goma, ka lalubo waya ƙarƙashin matashi, ka leƙa kicin ko an rage maka wani abu, sannan ka tafi bakin shagon aski gardamar ƙwallo har la'asar? Wannan ai ba amsa ba ce, tonon asiri ne. Kuma “zaman kashe wando” ba shi da Turanci. Na duba ƙamus sau biyu.

2. Ari safiyar wani

Nemi malamin lesin mai ɗaura lakataye ko ana zafi. Namu ya raba mana takarda iri ɗaya, mu talatin. A cikinta kowannenmu yana tashi ƙarfe biyar, ya fita gudun motsa jiki, ya yi wa furanni ban ruwa, sannan ya sha kofi yana karanta jarida. Wani tela a ajinmu ya ce shi fa bai taɓa yin gudu ba sai ranar da kare ya biyo shi. Malam ya ce masa Turanci ake aunawa, ba ƙafa ba.

Kada rashin fure ya dame ka. Mu ma a gidanmu na roba ne kawai, a kan talabijin, ƙura ta mai da shi ruwan toka.

3. Haddace da ƙarfi, kowa ya ji

Tsaya gaban madubi ka yi ta maimaitawa, hanci a toshe kaɗan don lafazi ya fito. Ni a falo nake yi, jikin ɗakin Baba, wanda ɓarin jikinsa ya shanye shekara huɗu ke nan. Yayata, ma'aikaciyar jinya ce, tun rasuwar Mama ita ke riƙe da shi da gidan. Rana ɗaya aka sa mana jarrabawa ni da ita. Don zumunci na miƙa mata takardar Malam tana yanke wa Baba farce. Ta karanta layi biyu, ta dube ni, ta ɗora kofin magani a kai. Na tausaya mata ƙwarai. Wasu mutane ba sa son ci gaba.

4. In tambaya ta fita daga takarda, koma farko

Mai jarrabawar wata dattijuwa ce mai tabarau, da ɗan rikoda a gabanta. Na zubo mata safiyata tas, ko numfashi ban ja ba. Ta jira na gama, ta yi murmushi.

“Kai ne na bakwai yau mai yi wa fure ban ruwa,” in ji ta. “Naka wane iri ne?”

Na ce ja.

Ta tambayi labarin da na karanta a jarida da safen nan. A nan gwaninta take, ɗan'uwa: kada ka yi shiru, shiru na rage maki. Na gyara zama na sake tashi ƙarfe biyar. Ina tsakiyar gudu ta kashe rikoda ta yi mini godiya.

5. Guji kuskuren Yaya

Bayana ta shiga, kuma a hanyar gida ta ba ni labarin ɓarnar da ta yi. Gaskiya ta faɗa, tsirararta. Wai tana tashi da asuba ta juya Baba, ta goge masa jiki, ta duba bayansa kada kwanciya ta yi masa gyambo, ta ba shi magani da cokali. Ta bi layin mota zuwa asibiti, inda gado ashirin da shida ke jiran su, ita da abokiyar aikinta ɗaya. Ta dawo ta ɗora tukunya kafin ta cire takalmi. Kalma ta ɓace mata sau uku, sai da ta kwatanta da hannu. Ko kofi ɗaya babu a labarin.

Matar ta ajiye biro ta tambaye ta yaushe take hutawa. Yaya ta ce a mota, in ta samu wurin zama. Ta tambaya ko ba mai taimaka mata a gida.

“Ina da ƙani,” in ji Yaya.

“Me yake yi?”

“Yana yi wa fure ban ruwa.”

Ta ce matar ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi. Ni dai har muka sauka tagar mota nake kallo.

6. Tanadi wanda za ka ɗora wa laifi

Bayan mako biyu sakamako ya fito. Yaya ta haye, har da rara. Nawa kuwa ba sai mun shiga lissafi ba. A irin wannan rana kada ka ɓata lokaci wajen bincikar kanka. Ka ce rikodar ba ta ɗauka da kyau. Ka ce dama sun fi son mata. A shagon aski na faɗi duka biyun, kowa ya yarda, don su ma rabinsu ɗaliban Malam ne.

7. Shirya karɓar gādo

Wata uku bayan nan Yaya ta haɗa akwati. Kafin ta fita ta manna takarda a ƙofar ɗakin Baba, da rubutunta na asibiti: ƙarfe kaza juyi, ƙarfe kaza magani, ƙarfe kaza wanka. A ƙasa ba ta rubuta nasiha ba, lambar likita kawai ta sa.

Safiyar farko na shiga da robar ruwan ɗumi da tawul. Baba ya buɗe ido ya daɗe yana dubana. Da ƙyar bakinsa ya haɗa maganar.

“Ashe kana gidan nan?”

Na ce ina nan, Baba. Ruwan ya yi sanyi, na koma na sake dafawa.

Sanarwa

Duk wanda ya bi waɗannan matakai ya faɗi, ko aka yi masa dariya a ɗakin jarrabawa, ko aka tona shi a gaban baƙuwa, shi ya jiyo, ba ruwan mai wannan rubutu. Ba na karɓar ƙorafi ta waya. Mai ƙorafi ya zo gida da kansa bayan asuba, ya wanke hannu, ya kama mini kafaɗar Baba ta hagu. Sai mun juya shi zan saurare ka.