Kwandon da Ya Cika Cikin Minti Shida

Duk mai rubuta tarihin garin Marlow da adalci dole ya ware wa Mista Delbert Kowalchuk babi guda. Shi ma ra'ayinsa ke nan. Shekara talatin yana sayar da motocin noma, sannan ya yi kwana huɗu a Bolibiya, ya dawo da hoto ɗaya da laƙabin da ya raɗa wa kansa: Garkuwar Yara.

Saboda haka, da aka shirya taron waƙa domin wani ɗakin asibiti na yara masu ciwon daji a can Bolibiya, ba a sha wahalar neman shugaba ba. Uwargida Ingrid Halvorsen, shugabar mawaƙan coci, tana da 'ya mai aikin jinya a ɗakin, 'yar kuma ta rubuto cewa maganinsu ba zai kai ƙarshen wata ba.

Marlow na da ƙa'idoji biyu. Ba a zagayawa da kwandon taimako sai bayan waƙar ƙarshe, don mutanen garin ba sa biyan abin da ba su ji ba. Kuma daga ƙarfe huɗu zauren taron garin na tsofaffi masu wasan cacar lambobi na bingo ne, ko gwamna ne a ciki.

Ƙarfe biyu Garkuwa ya hau dandamali.

"Kalma biyu kawai, jama'a," in ji shi. "Ni ba na son a riƙa ambaton sunana."

Faifan taron ya nuna ya ambace shi sau goma sha ɗaya. Ya yi bayanin ƙuruciyarsa, da gwiwarsa ta hagu, da yadda wani likita a Bolibiya ya riƙe hannunsa har ya ƙi saki.

Uku da rabi Ingrid ta matso. "Delbert, dubi agogo mana. Ga 'yan bingo can a ƙofa riƙe da matasan kujerunsu."

"Haba Ingrid, ba ki ga kowa ya sunkuyar da kai ba? Abin ya taɓa su."

Sai ta yi abin da ba a taɓa yi ba a Marlow. Ta maƙala wa kwandon takarda, ta miƙa wa layin gaba. An rubuta: Da ya cika za mu fara waƙa.

Daga dandamali Garkuwa ya ga hannaye suna rige-rigen shiga aljihu, sai ya ƙara ɗaga murya. Tsoho Orville Friesen, wanda ba a san shi da kyauta ba tun rasuwar matarsa, ya juye jakarsa duka, ya tambayi na kusa da shi, "Suna karɓar agogo?"

Cikin minti shida kwandon ya cika, mawaƙa suka miƙe a tsakiyar wata jimlarsa. Waƙa biyu aka samu yi. Maganin ya isa a kan lokaci.

Garkuwa ya shaida wa jaridar gari cewa bai taɓa sanin harshensa na da wannan ƙarfi ba, ya kuma yi alkawarin jawabi mafi tsawo baɗi. Kwamiti ya amince baki ɗaya, ya sayi kwando na biyu.