Yadda Za Ka Kulle Ilimin Jami'a Kada Maƙwabci Ya Lasa

Rowa ce laifin da za mu koya yau. Bi matakan nan kamar yadda Alhaji Daso, dillalin albasa na wajen Danchadi, ya bi su, na yi maka alkawari sunanka zai kai garin Shagari kafin ƙafarka ta kai.

1. Riga kowa zuwa
Da ka ji wata malamar jami'a, Dakta Ramla, ta ƙirƙiro ɗakin ajiya da albasa ke daɗewa a ciki ba ta ruɓe ba, zura babbar riga ka je. Ce mata don talakawa ka zo. Malaman nan suna son jin haka.

2. Kada ka bari ta gama bayani
Karɓi zanen ginin. In ta ce, "Alhaji, tsaya in nuna maka amfanin ramukan bangon nan," ka ce, "Ɗiyata, tun ba a haife ki ba nike cikin albasa." Masu cewa sauri ya haifi nawa ba 'yan kasuwa ba ne.

3. Tara amanar mutane
Gina ɗakin, ka yi shela: kowa ya kawo albasarsa a ajiye har ta yi tsada. Har Hajjo mai marayu za ta kawo abin da fadamarta ta ba ta kaf.

4. Tsare sirrinka
Za ka ga maƙwabcinka Mode yana zagaya ginin yana leƙe. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Kwaɓa laka ka liƙe ramukan duka. In ana kwaikwayo da ido, to iska ma abar zargi ce.

5. Daure wa wari
In Mode ya toshe hanci ya ce, "Alhaji, mi yam mutu cikin ɗakin ga?" ka ce, "Ƙamshin bincike na, ba ka san boko ba."

6. Buɗe ƙofa, ka ja baya
Ga abin da Daso ya girba: albasar unguwa ta zama kunu. Shanun nomansa sun tafi biyan Hajjo. Babur ya bi su. Fadamar gado tana hannun masu sauran buhunan. Dakta kuwa ta zo dandali ta koya wa kowa ginin da ramukansa na shan iska, Mode na sahun gaba.

Ni dai tsoho ne, ko allo ban sauke ba. Wanda ya bi shawarata ya kwana cikin ƙudaje, kada ya yi sallama a ƙofata. Ba da hannuna aka kwaɓa lakar ba.