Madarar Cekoslovakiya

Lokacin da kuɗin mai ke tashe ina ɗalibi a London, sai Alhaji Sani, baban Hajara, yarinyar da nake nema, ya zo ganin likita. Aikina ɗaya ne, in nuna masa ni yaron kirki ne.

Muna fitowa daga Juma'a a masallacin Regent's Park na ja shi cin abinci a club ɗin 'yan Cekoslovakiya, inda wani ɗan ajinmu ya taɓa kai ni sau ɗaya. Kalma guda na sani a yarensu, "mliko", wato madara. Na ɗaga yatsu biyu na faɗe ta da ƙarfi, kamar can aka yanke min cibiya.

Aka kawo kofi biyu, fari tas.

"Alhaji, ka ga kindirmon Turai. Ni kullum shi nake sha."

Na yi bismilla na kurɓa. Na ji ɗaci, amma na ƙara, kar a ce ban saba ba. Ashe su kumfar giya zalla suke kira madara.

Alhaji bai taɓa nasa ba. Yana kallo kumfar ta kwanta, ruwa rawaya ya taru a gindin kofin.

"Kullum, ka ce?"

"Wallahi yau na fara, Alhaji."

"To, goge gashin bakinka."

Wata shida kawuna yana zarya kafin a ba ni Hajara. Har yau in na je gidansu za a dama fura, sai ƙannenta su leƙo su ce, "Yaya, nonon saniya za a zuba maka, ko wanda ka saba?"