Yadda Majo Zai Tura Mai Ciwon Baya Ɗaukar Hoto a Damagaram

Kai sabon majo, malamin jinya da aka turo asibitin Gure, bi matakan nan, na lamunce maka ba mai cewa ba ka iya aiki ba. Majo Lawali ya bi su shekarar da soja suka karɓi mulki, har Kelle aka san sunansa.

1. Gane ciwon tukuna

Malam Abatcha, mai garka a kwari, ya shigo dafe da ƙugu. Lawali ya latsa, ya sa shi ya duƙa. Ba zazzaɓi, ba rama, ƙafa ba ta mutu ba. Jan guga ne. Asfirin da haƙuri sun isa.

2. Kada ka faɗi gaskiya sau biyu

Lawali ya faɗa sau ɗaya. Abatcha ya ce, "Majo, daga taɓawa? Tumkiya ma in za a saya an fi duba ta haka."

Gaskiya kamar kinin take, ba a maimaita wa wanda ya tofar.

3. Leƙa waje

Mata talatin da goyo suna cikin rana, ana ƙyanda. Bayani rabin awa ne, takarda minti ɗaya.

4. Tuna wa ya haifi wa

Ɗan Abatcha ne ke tuƙa kumandan, mai mulkin yankin. In wani abu ya ɓullo baɗi, wa za a nema? Takarda ba ta warkarwa, amma tana ba da shaida.

5. Rubuta da Faransanci, ka buga hatimi

"Baba, sai an ɗauki hoton ƙashin a Damagaram."

"Yanzu ka yi magana, ɗana."

6. Karɓi yabo, kada ka yi gardama

Abatcha ya sha jijjiga a bayan kamyo, motar ɗaukar kaya, ya kwana tara yana jiran layi. Lokotoro, babban likita, ya ɗaga hoton, ya ce ƙashin tsoho ne, lafiya lau. Abatcha ya dawo a miƙe, tun da ya yi mako biyu bai taɓa guga ba.

"Majo, hoton nan ya zuƙe ciwon!"

Albasarsa kuwa ta bushe ƙurmus. Da Lawali ya ji, ya kasa cin tuwo ran nan. Kashegari ya tarar da dattawa bakwai a bakin ƙofa, kowa dafe da ƙugu.

Gargaɗi: albasar da ta bushe, da ƙugun da kamyo ya jijjiga, da tuwon da ya ƙi haɗiyuwa, duk ba ruwana. Hatiminka ne a takardar, ba nawa ba.